Yadda ake kiwon murjani mai laushi a tankin ruwan gishiri a gida

Murjani dabba ne, ko da yake wanda ya fara ganinsa cikin gilashi zai rantse fure ne. Kowane reshe ko faifai taron ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu. A cikin tsokar da yawa daga cikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, masana na kiranta zooxanthellae. Ita ce ke karɓar haske ta haɗa abinci, murjanin ya ci, shi kuma ya ba ta masauki. In ruwa ya yi zafi ya daɗe, sai murjanin ya kore ta, ya yi fari fat, yunwa ta ƙarasa shi.

Akwai mai tauri, wanda ke gina ƙashi na alli, akwai mai laushi, wanda ba shi da ƙashi sai 'yan ƙananan allurai a cikin tsoka. Mai laushin shi ya dace da sabon shiga: ba ya buƙatar haske mai tsanani, ba ya shan sinadarai da yawa, kuma yana jure ƙananan kurakurai. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya riƙa sauya hali, yau zafi gobe sanyi, yau gishiri ya yi yawa gobe ya yi kaɗan.

Da farko: zafi da wutar lantarki

Yawancin bayanan da ke intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, damuwarsu yadda za su ɗumama ruwa. Mu tamu matsalar daban ce. Murjani na son digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas, yana iya zama a 27, amma in ruwa ya kwana biyu a 30 ko sama sai ya fara lalacewa. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Afrilu kan haura digiri 40. Don haka kafin ka kashe ko sisi, cika bokiti da ruwa, ajiye shi a ɗakin da kake son sa tankin, jefa ma'aunin zafi a ciki, ka riƙa dubawa da asuba da la'asar har mako guda, kuma a lokacin bazara. Abin da ka samu, ƙara masa digiri 1 ko 2, domin famfuna da fitila za su ƙara wa ruwan zafi.

In lissafin bai wuce 28 ba, ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa za ta wadatar. Takan rage digiri 2 zuwa 3, kuma a busasshiyar iskar arewa ta fi aiki, sai dai da damina ƙarfinta kan ragu. In ya wuce haka, dole sai na'urar sanyaya ruwan tanki ko ɗaki mai AC da ba a kashewa da rana. Na'urar tana da tsada kuma tana cin wuta sosai. In ba za ka iya ɗaukar nauyinta ba, gara ka dakata da maganar murjani. Gorar ruwa da ta daskare a firji, a rufe ruf, dabarar ranar gaggawa ce kawai.

Hita ma za ka saya, domin daren hunturu a Kano ko Jos kan sauka ƙasa da digiri 15. Mai wat 150 zuwa 200 ya isa tankin da za mu yi magana a kai. Saita shi a 24.

Sai ɗauke wuta. Murjani zai yi kwana uku babu fitila bai mutu ba, amma in ruwa ya tsaya cik, iskar da ke cikinsa kan ƙare cikin 'yan awanni, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Kifaye su fara mutuwa, ruwa ya ɓaci, murjani ya bi. Saboda haka famfunan su ne za ka ɗora a kan inbata ko sola. Famfuna biyu da ke cin wat 35 a haɗe, batir mai bolt 12 da amfiya 100 zai riƙe su fiye da awa 12. Ka ajiye ƙaramin injin hura iska mai batir a kusa, don ranar da inbatar ita ma ta gaza.

Tanki da wurin ajiye shi

Kada ƙaramin tanki ya ruɗe ka don arha. Ruwa kaɗan ya fi saurin zafi da saurin ɓaci. Mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45 yana ɗaukar kimanin lita 180, kuma shi nake ba da shawara. In an cika shi nauyinsa zai haura kilo 200, don haka teburin ya zama mai ƙarfi, a daidaita shi kada ya karkata ko kaɗan. In na ƙarfe ne a yi masa fenti sosai, gishiri ba ya raga wa ƙarfe. A nisanta shi da taga da kicin. Tankin da aka taɓa zuba wa maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe kada a yi amfani da shi, domin ko ɗan burbushinsa na kashe murjani.

Ruwa da gishiri

Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, fiya wata, duk a bar su. Suna iya yi wa mutum daɗin sha, amma suna ɗauke da abin da ke ciyar da gansakuka, wani lokaci har da ƙarfe ko kulorin. Ruwan batir na bakin titi ma a guje shi, wani da asid a ciki. Abin da ake amfani da shi ruwan da aka tace da na'urar RO/DI ne, wato matata mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, a gwada shi da ɗan ma'aunin TDS, mai auna abin da ya rage a narke, ya nuna 0 ko 1. Na'urar kan zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba ka lita ɗaya, sai ka tara wanda ta zubar don wanki ko ban ruwan shuka.

Gishirin girki ba zai yi ba. Ana sayar da gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku, mai ɗauke da kalsiyam da magnisiyam da sauran sinadarai, irin su Instant Ocean da Red Sea da Tropic Marin. Kimanin giram 35 zuwa 38 ake sa wa kowace lita, wato kusan giram 900 a jarka mai lita 25. Ruwa ake fara zubawa a mazubi, sannan a riƙa barbaɗa gishiri famfo na juyawa. In ka zuba ruwa a kan tulin gishiri, alli zai fita ya kwanta, ruwan ya yi fari kuma ya rasa ƙarfinsa. Bar shi ya gauraya na wasu awanni, sannan ka auna yawan gishirinsa da 'yar na'urar da ake kira rifraktomita. Abin nema 1.025 zuwa 1.026, wato kashi 35 cikin 1000. Ma'aunin roba mai allura yana yawan ƙarya, rifraktomitar ma sai ana daidaita ta lokaci-lokaci da ruwan gwaji mai kashi 35.

Dutse, yashi da motsin ruwa

Dutsen tankin murjani ba ado kaɗai ba ne, shi ne matatar. A cikin ramukansa bakteriya ke zama suna cinye dattin ruwa. Masu kiwo a birnin Berlin ne suka yaɗa wannan tsari tun shekarun 1970, har yau kuma a kansa ake tafiya. Nemi busasshen dutsen aragonait (wani nau'in dutsen alli) mai ramuka, ko wanda aka ƙera don tanki, kilo 12 zuwa 18. Dutsen gini ba shi da ramuka, marmara kuwa cike take da ƙarfe. Yashi ma na aragonait, kaurin santimita 2 zuwa 3, a wanke shi sosai. Jera duwatsun a kan gilashi tukuna sannan ka zuba yashi, don kada wani kifi ya tona ƙarƙashi gini ya rushe. Bar ƙofofi da sarari ruwa ya ratsa, ka kuma ware ƙaramin dutse ɗaya ko biyu su tsaya su kaɗai a kan yashi. Za ka ga amfaninsu nan gaba.

Famfunan cikin tanki su iya juya ruwan sau 10 zuwa 20 a awa, wato lita 1,800 zuwa 3,600. Ƙanana biyu masu fuskantar juna sun fi babba ɗaya. Ɗaya ya ɗan kalli sama, fuskar ruwa ta riƙa rawa, ta nan iska ke shiga. Na'urar cire datti ta hanyar kumfa tana da amfani in kifaye sun yi yawa, amma tankin murjani mai laushi da kifi uku ko huɗu zai tafi lafiya ba tare da ita ba.

Jiran bakteriya

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, don tanki ya cika, ruwa garau, ga kuɗi a aljihu. Amma ruwan bai nuna ba. Kashin kifi da ragowar abinci kan zama amoniya, mai guba. Wasu bakteriya su mai da ita NO2, ita ma guba ce, wasu kuma su mai da wannan NO3, wadda ba ta cutarwa in ba ta yi yawa ba. Sabon dutse ba shi da waɗannan bakteriya, sai ka shuka su.

Zuba bakteriyar kwalba da ake sayarwa, ka ba su abinci: ko dai ruwan amoniyam kulorayid har ma'auni ya nuna 2 ppm (wato kashi 2 cikin miliyan), ko ɗanyen jatan lande guda ɗaya ya ruɓe a ciki. Kashe fitila, bar famfuna suna aiki, ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu ko uku. Amoniya za ta hau ta sauka, NO2 ta biyo ta, sannan NO3 ta bayyana. In ka sake zuba amoniya ta kai 2 ppm, bayan awa 24 ita da NO2 duka suka koma sifili, to ruwa ya nuna. Yakan ɗauki mako 3 zuwa 6. Sai ka canza sulusin ruwan, ka kunna fitila.

Bayan haka wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, koriyar gansakuka ta biyo baya. Kowane sabon tanki sai ya bi ta nan, kada ka ruga sayen magani. Sa dodon koɗin teku irin su Trochus guda biyar ko shida su yi ta kiwo. Kifi kuwa biyu tukuna. Amphiprion ocellaris, mai ruwan lemo da farin ratsi uku, ba ya taɓa murjani. Dangin Chaetodon da manyan Pomacanthus kuwa cinye shi suke yi, komai kyansu a bar wa mai shago.

Ga ma'aunan da za ka riƙe daga nan:

- Zafi: digiri 24 zuwa 26
- Gishiri: 1.025 zuwa 1.026
- pH (ma'aunin tsamin ruwa): 7.8 zuwa 8.4
- KH (ƙarfin ruwa na hana tsaminsa sauyawa): 8 zuwa 9
- Kalsiyam: 400 zuwa 450 ppm
- Magnisiyam: 1,250 zuwa 1,350 ppm
- NO3: 2 zuwa 15 ppm
- PO4 (fosfet, wani sinadarin dattin ruwa): 0.03 zuwa 0.1 ppm

Lura cewa biyun ƙarshe ba sifili ba ne. Murjani mai laushi ya fi ƙiba a ruwan da ke da ɗan datti, in ka tace shi ƙal sai ya rame ya koɗe.

Fitila

Fitilar LED ta tankin teku, mai shuɗi da fari, awa 8 zuwa 10 a rana, a kan agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa. A ma'aunin ƙarfin haske da ake kira PAR, 50 zuwa 150 ya ishe su, wanda yawanci rabin ƙarfin fitila mai kyau ne. Haske mai yawa ya fi ƙarancinsa saurin yin ɓarna. Da bazara ina ganin ya fi a kunna daga la'asar zuwa dare, don kada zafin fitila ya haɗu da na tsakar rana. Mai dogaro da sola kuma sai ya duba ko batirinsa zai ɗauka.

Wanne za a fara saya

Discosoma, mai kama da faifai, shi ne mafi haƙuri. Yana son ƙasan tanki, haske kaɗan, ruwa mai tafiya a hankali. In ya ji daɗi sai ya buɗe ya kwanta, in haske ya yi masa yawa sai ya tsuke ko ya saki dutsen ya bi ruwa.

Sarcophyton, mai kara da hula a sama, shi ne sarkin irin wannan tanki. Yana iya girma ya fi faranti faɗi, don haka ba shi tsakiyar tanki da fili. 'Yan uwansa Sinularia da Lobophytum masu yatsu ne, su ma suna son haske matsakaici da ruwa mai ɗan ƙarfi. Capnella kamar ƙaramar bishiya take, tana zubar da rassa su kama ko'ina.

Sai guda biyu da ke buƙatar gargaɗi. Briareum, wanda ke shimfiɗa tabarma mai ruwan hoda-shuɗi da korayen yatsu kamar ciyawa, da Xenia, wadda yatsunta ke buɗewa suna rufewa ba hutawa, irin da ake samu a Bahar Maliya da tekun Indiya. Suna da ban sha'awa, amma in ka ɗora su a babban ginin dutse, cikin shekara za su mamaye komai. Waɗancan keɓaɓɓun duwatsu na kan yashi nasu ne. Wanda ke zaune a bakin teku, Legas ko Akara, kada ya zubar da rarar a ruwa: wani ɗan uwan Xenia, Unomia stolonifera, ya kuɓuce a gaɓar Benezuwela ya shaƙe murjanin wurin.

Dendronephthya, mai ja da ruwan lemo mai ɗaukar ido, kada ka saya. Ba shi da gansakukar da ke ciyar da shi, sai an riƙa ba shi abinci kusan ba tsayawa, kuma ko a hannun ƙwararru yawanci 'yan watanni yake yi.

Zoanthus da Palythoa, masu kama da maɓallai kala-kala, suna da sauƙin kiwo amma da haɗari ga mai kiwon. Wasunsu, musamman Palythoa, na ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani, wadda masana a Hawayi suka fara warewa a 1971. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutanen da suka kamu a Alaska tsakanin 2012 da 2014 ta hanyar tankunan gida da shago. Ba a taɓa su sai da safar hannu da tabarau. Ba a tafasa dutsen da suke kai, ba a zuba masa ruwan zafi, ba a kankare shi a bushe, domin tururin ko ƙurar kan shiga huhun duk wanda ke ɗakin. In bayan aiki a tanki ka ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, zazzaɓi ko numfashi na yi maka wuya, tafi asibiti nan take ka faɗa musu abin da ka taɓa. Gidan da ke da ƙananan yara, a ganina, a haƙura da su.

Wajen saye, zaɓi yankan da aka raina a tankin wani, ya fi wanda aka ciro daga teku juriya. Ya kasance a buɗe, babu baƙin tabo mai narkewa, babu warin ruɓa. In daga nesa za a kawo maka, a sa shi a cikin kula mai riƙe sanyi a biyo jirgi. But ɗin motar dare zai dafa shi kafin ya iso.

Shigar da shi tanki

Ɗora ledar da ya zo a ciki a rufe a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita. Juye a roba, tsoma murjanin a maganin wanke murjani gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, yawanci minti 5 zuwa 10, kana kaɗa ruwan. Za ka sha mamakin tsutsotsi da ƙananan halittun da ke faɗowa. Ɗauraye da ruwan tanki a wata robar, ka duba gindinsa ko akwai ƙwai ko Aiptasia, wata 'yar halitta mai ruwan ƙasa da dogayen yatsu da ke harbin murjani tana yaɗuwa. Ruwan ledar kada ya shiga tankinka. Ajiye sabon a ƙasa, bayan mako ɗaya ko biyu ka matsar da shi inda zai zauna, da tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da maƙwabci. Biyu ko uku a lokaci guda sun isa, sai bayan mako biyu a ƙara.

Aikin kullum da na mako

Ruwa na tashi, gishiri ba ya tashi. Da fanka a kai, a lokacin rani tankin zai iya rasa lita 3 zuwa 5 a rana. Yi alama a jikin gilashi, kullum ka cike gurbin da ruwan RO/DI zalla, marar gishiri. Wanda ya cike da ruwan gishiri, cikin makonni zai tarar ma'auni ya haura 1.030. Akwai 'yar na'ura da ke cikewa da kanta, kuma ta cancanci kuɗinta.

Duk mako ka zuƙe kashi 10 cikin 100 da tiyo, ka mayar da sabon haɗi mai zafi da gishiri iri ɗaya da na tanki. Wannan kaɗai kan mayar da sinadaran da murjani mai laushi ke sha. Kwalaben ƙari da shaguna ke tallatawa, aidin da sauransu, kada ka zuba abin da ba ka da ma'auninsa. Gwada KH da NO3 da PO4 duk mako, kalsiyam da magnisiyam duk wata. Abinci kuwa, wanda ka ba kifi ya ishi murjanin.

Sarcophyton da Sinularia na sakin sinadarai a ruwa don danne maƙwabta. Maganinsu gawayin tace ruwan tanki, kamar rabin kofi a jakar raga inda ruwa ke wucewa, a ɗauraye shi kafin a sa, a canza duk mako 3 ko 4. Gawayin girki ba ya wannan aikin.

Gidajenmu kuma suna da nasu tarkon. Maganin feshin sauro na iya kashe tanki a dare ɗaya, don haka ɗakin ba a fesa shi, a koma gidan sauro. Hayaƙin maganin sauro na kunnawa da turaren wuta ma a nisanta su. Hannun da ke da man shafawa, turare ko sabulu ba ya shiga ruwa. Murfin raga yana tare kifi mai tsalle da kwabon da yaro zai jefa, kuma ba ya hana fanka aiki.

In ya rufe

Wata rana za ka tashi ka ga Sarcophyton ya janye yatsunsa, ya sunkuya, jikinsa na ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma. Saɓa yake yi don ya rabu da datti da gansakukar da suka hau shi, kuma yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako biyu. Kada ka ɗaga shi, kada ka canza masa wuri. Ƙara masa ɗan motsin ruwa, in fatar ta fita ka tsame ta. Abin tsoro shi ne baƙi ko ruwan ƙasa mai narkewa da wari. Wannan ruɓa ce: fito da shi, yanke wurin da reza har ka isa lafiyayyar tsoka, tsoma a magani, ka mayar inda ruwa ke gudu. In kuwa dukkan murjanin suka rufe lokaci guda, duba zafi, sannan gishiri, sannan KH, sannan ka tambayi mutanen gida ko an fesa wani abu.

Yanka don ƙari

Bayan wata shida zuwa shekara za su fara cunkushewa, sai a rage. Sa safar hannu da tabarau, fito da murjanin cikin roba da ruwan tanki, ka yanke reshen Sinularia ko Capnella mai tsawon santimita 3 zuwa 5 da sabuwar reza, yanka ɗaya. Sarcophyton kuwa gefen hular ake yankowa a raba gunduwa-gunduwa. Supa gulu ba ya kama su saboda yauƙi. Soka tsinken sakace a gindin yankan, ka ɗaure bakin tsinken biyu a jikin ɗan dutse da roba, sako-sako, don in ta matse za ta raba shi biyu. Discosoma da Xenia a zuba su a ƙaramar roba mai tsakuwar murjani, a rufe da raga, a ajiye inda ruwa ba ya da ƙarfi. Cikin mako 1 zuwa 3 za su kama da kansu, sai a zare tsinken a cire ragar. Ruwan da aka yi yankan a ciki a zubar da shi, a sa sabon gawayi a tanki, uwar kuma za ta yi 'yan kwanaki a tsuke kafin ta sake buɗewa.